Man Jirgin Sama a Cikin Langar Inna

Ko da tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba na jin zan manta da ranar Litinin ɗin da na tsaya a gaban 'yan mata arba'in da wani dattijo mai digirin digirgir, na tafka abin da har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Yanzu ne nake ba da labarin ina dariya, saboda ƙarshensa ya yi kyau. A lokacin kuwa, da ƙasa ta tsage da na shige ban yi sallama da kowa ba.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, ina karanta kemistiri, aka tura ni koyon aikin koyarwa wata sakandaren 'yan mata a Gaya. Ni 'yar Gafasa ce. Gidanmu gidan allo ne tun kaka da kakanni, kuma ni ce ta farko a zuri'ar da ta bi hanyar kimiyya. Wannan ya sa kaina ya kumbura har hijabi na neman ya yi masa kaɗan. In na je gida ranar Juma'a da yamma, ba a isa a ɗora ruwan zafi a gabana ba sai na yi bayanin abin da ke sa shi tafasa. Inna takan bari in gama tsaf, sannan ta ce, "To mun ji, miƙo min ludayi."

Tsarin koyon aikin shi ne, malami zai zo daga kwaleji sau ɗaya tak, ya zauna a bayan aji ya kalli darasinki na minti arba'in, ya ba ki maki. In ya kayar da ke, kin maimaita shekara ke nan, ƙawayenki su fita su bar ki. Ni kuma ƙuri'ata ta faɗa kan wani da muke kira Dakta kawai, ba a ƙara komai, kowa ya san wa ake nufi. Siriri ne, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya kuma ba ya murmushi. A kwaleji ana cewa ya fi son ya ga kayan koyarwa da ɗalibi ya haɗa da hannunsa fiye da surutu a gaban allo. Da na ji haka sai na ce a raina, ai kuwa zai ga abin da bai taɓa gani ba.

Akwai wani sinadari da na kamu da sonsa tun ina aji biyu, sunansa tiriften. Dangin fetur ne, ana zuba shi a man ƙananan jiragen sama masu farfela don ya ƙara wa man nagarta. Ƙwayar kabon bakwai ce a jikinsa, da haidirojin sha shida. Yana da wani ɗan'uwa, heften, shi ma kabon bakwai, haidirojin sha shida, ba ragi ba ƙari. Sai dai shi heften a miƙe yake kamar igiyar shanya, in aka matse shi a cikin inji sai ya kama da wuta tun lokaci bai yi ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe. Tiriften kuwa rassa gare shi, a dunƙule yake, yana jure matsi har sai fulogi ya ba shi wuta. Kaya iri ɗaya ne, jerin ne kawai ya bambanta, amma ɗaya inji ba ya ƙaunarsa, ɗaya kuma jirgi yake ɗagawa sama. (Na shekara guda ina gaya wa mutanen gidanmu cewa da shi ake kai alhazai Makka. Daga baya na gano manyan jirage wani mai dangin kananzir suke sha. Ban koma na gyara maganar ba, yau ne farkon da na amsa laifin.)

Na yanke shawarar in haɗa siffar tiriften da hannuna. Ranar Asabar na kwaɓa laka na mulmula, kafin la'asar duk ta tsattsage. Baba yana zaune a zaure yana gyara alƙalamin kara, ya leƙo ya ga ina ta tsaki.

"Ki yi da kara mana," in ji shi. "Ga shi nan jibge a bayan gida. Ki ɓare ki yi amfani da totuwar ciki, ba ta fashewa."

Na ce, "Baba, a littafi kabon baƙi ne, haidirojin fari. Ba a yin kimiyya da kara."

Ya koma kan alƙalaminsa.

Ranar Lahadi dabara ta faɗo min. Na samo dabino mai laushi, baƙi siɗik, na zaɓi guda bakwai manya na cire ƙwallayen. Na fasa kwakwa na yanka ta ƙanana-ƙanana, fara tas, guda sha shida. Na kawo tsinken sakace ashirin da biyu na yi mahaɗi da su. Dabino huɗu a jere, na biyu ya ɗauki rassa biyu, na uku ya ɗauki reshe ɗaya, kwakwa ta zagaye su ko'ina. Da na gama na ja da baya na tsaya ina kallo, wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ga kaina a gaban Dakta, na ga ya cire tabarau yana girgiza kai don mamaki. Har jawabin godiya na fara tsarawa.

Matsalar ita ce yadda zan kai shi Gaya a kan babur bai wargaje ba. Na duba kwali, na duba leda, ƙarshe idona ya sauka kan babbar langar Inna mai furanni, wadda ba a fito da ita sai da babban baƙo. Na shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, na kwantar da tiriften kamar jariri, na rufe da murfi. Haka na rungume ta a cinya tun daga Gafasa, duk ramin da ɗan acaɓa ya faɗa sai na yi salati.

A nan ne na yi kuskuren farko, kuma girman kai ne ya jawo shi. Akwai samari biyu da aka turo mu koyon aikin tare, sun mayar da ni abin tsokana, ban so su ga abin kafin lokaci su ɓata min armashi. Ɗakin malamai ba shi da makulli. Ofishin shugabar makaranta, wadda kowa ke kira Hajiya, na tarar a buɗe an gama shara ba kowa. Na lallaɓa na ajiye langar a jikin bango bayan ƙofa, na fice. Ban gaya wa Hajiya ba. Ban gaya wa Iya Talatu ba, dattijuwar da ke share ofishin tana kula da baƙi. Ban gaya wa kowa ba.

Abin da na manta, ni da aka haifa a cikinsa, shi ne al'adar mutanenmu. In aka ji babban baƙo zai zo makaranta, gidajen da ke kusa ba sa jira a roƙe su. Wannan ta aiko da fura, waccan da dambu, wata da zogale, duk a rufe cikin kwanuka, a jera su a jikin bangon ofishin Hajiya. A wane bango? A wanda na ajiye tawa langar.

Darasina na bayan hutun tara ne. Da aka kaɗa ƙararrawa na ruga ofishin, na tarar Hajiya ta fita da Dakta tana zagayawa da shi. Kwanuka sun kai takwas a jere, amma tawa na nan a inda na bar ta, da murfinta. Na ɗauka na yi gaba. Na so in buɗe in duba, sai na hango su sun nufo ajin, na ce bari kawai, buɗewa ɗaya za a yi, a gaban kowa.

Dakta ya zauna a kujerar ƙarshe ta baya, Hajiya a gefensa. Na ɗora langar a kan tebur. 'Yan mata sai kallonta suke suna zunɗen juna. Na fara da kyau, ba yabon kai ba. Na tambaye su wace ce ta taɓa jin babur ko injin markaɗe yana ƙwanƙwasa in an zuba masa gurɓataccen mai, hannaye suka tashi. Na zana heften a allo, dogon layi. Na ce to babur in ya ƙwanƙwasa sai a sauka a tura, jirgi fa a sama? Aka yi dariya. Na ji iska na shiga kaina.

Sai na dafa murfin, na rage murya kamar mai ba da labarin aljanu.

"Abin da ke cikin kwanon nan," na ce, "babu wadda ta taɓa ganinsa a cikinku. Yau za ku ga abin da ke riƙe jirgi a sararin samaniya."

Na ɗaga murfin, na karkata langar wajensu ba tare da na duba ba.

Suka miƙa wuya suka leƙo. Sannan wata a layin gaba ta toshe baki da hijabi. Na leƙa. Tsinkayen sakace ne a tare a gefe guda, an jera su da tsabta kamar wanda ya ci ɗan gidan mutunci ne. A tsakiya dabino ɗaya tilo, da kwakwa uku a jikinsa.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya yi tunani. Ni ban yi ba. Raina ya ɓaci, idona ya rufe, na manta da wanda ke zaune a baya. Abin da ya zo min kawai shi ne yaran nan ne, sun ga na shiga ofis da kwano sun bi sahu. Na ajiye langar da ƙarfi, na fara.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma abin da na tuna ya isa. Na ce ban taɓa ganin kwaɗayi irin wannan ba. Na ce wanda zai buɗe kwanon da ba nasa ba ya cinye, ba a yi masa tarbiyya a gida ba. Na ce cikin da ya ci wannan dabino ya ci amana. Da yake 'yar gidan malamai ce ni, har nassi na jawo a kan cin haƙƙin mutane, da Larabci, na fassara. Sannan na rufe da abin da ya fi komai muni. Na ɗaga yatsa sama na ce, "Ko wace ce, ko wane ne, ni dai ban yafe ba. Sai mun tsaya a gaban Allah."

Sai na ji gyaran murya daga baya.

Dakta ne ya ɗaga hannu, yadda ɗalibi ke yi in yana neman izini. A tsakanin yatsunsa akwai tsinken sakace.

"Malama, ina da magana," in ji shi, a hankali kamar kullum. "Ni na ci huɗu. Hajiya ta ci biyu."

Hajiya ta ɗaga kai tana nazarin silin kamar ranar ta fara ganinsa.

"An kawo mana ne tare da fura," ya ci gaba. "Baiwar Allah da ta kawo ta ce irin na bikin 'yan birni ne. Dabinon kuwa mai kyau ne."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na zagi mutumin da makina ke hannunsa, na ce ba shi da tarbiyya, na kai shi ƙara lahira, duk a gaban shugabar makaranta wadda ita ma tana cikin waɗanda ake ƙara. Yaran sun kasa dariya don tsoro, sai kafaɗu ke rawa. Na ga shekara guda ta rayuwata tana tafiya, na ga kaina ina komawa Gafasa ina yi wa Baba bayani.

Dakta ya duba agogonsa. "Saura minti ashirin da shida," ya ce. "Darasin ya ƙare ne?"

Tambayar nan ita ta dawo da ni. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, wataƙila don na ga babu sauran abin da zan rasa. Na ce, "Bai ƙare ba, ranka ya daɗe." Na ɗauki dabinon da ya tsira na ɗaga sama. Na ce wannan kabon ɗaya ne da haidirojin uku, shi ake kira reshe, ku riƙe shi a ka. Sannan na ce mutum bakwai su fito.

Suka fito suna noƙe-noƙe. Na ce kowace ɗaya kabon ce, su riƙe hannun juna su yi layi. Layin ya miƙe daga ƙofa har taga. Na ce wannan shi ne heften. Na sa 'yan layin gaba su taso su zama inji, su matso su daga gefe biyu a hankali. Kafin a ƙirga uku layin ya lanƙwashe, ya tsinke a tsakiya, wata ta faɗa kan benci, aji ya kaure da dariya. Na ce kun ga, bai jira an ba shi wuta ba ya watse, ƙwanƙwasar da kuke ji ke nan.

Na sake jera su. Huɗu a layi. Ta biyu, wata doguwa mai suna Bilki, ina buƙatar ta riƙe mutum huɗu, ga shi hannu biyu Allah ya ba ta. Na tsaya ina dabur-dabur, sai ita da kanta ta ce, "Malama, su kama hijabina mana." Biyu suka kama gefen hijabinta, ɗaya gaba ɗaya baya. Ta uku ita ma aka kama nata. Suka dunƙule wuri guda. Na ce inji ya matso. Aka matsa, aka ƙara matsawa, suna ta ƙyalƙyala dariya amma ba wadda ta saki. (Na san abin da ke faruwa a cikin inji ya fi haka zurfi, kuma na gaya musu. Amma ranar ba zurfi nake nema ba, tsira nake nema.)

"Mutum nawa ne ɗazu?" na tambaya.

"Bakwai."

"Yanzu fa?"

"Bakwai."

"To me ya canja?"

"Tsayuwar," suka amsa baki ɗaya, ban koya musu kalmar ba.

Sai wata yarinya mai suna Hassana, wadda tun da na zo makarantar ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu daga lungu. Ta ce, "Malama, in wadda ke riƙe da Bilki ta baya ta saki, ta koma can ƙarshen layi, wani sinadarin ne daban ko shi ne dai?"

Wannan tambayar ita ce darasin mako mai zuwa gaba ɗaya. Na ce ta fito ta jera su da kanta ta gani. Ta fito ta jera, ta ƙirga, ta ce daban ne. Daga nan aji ya ƙwace daga hannuna. Wannan ta ce a gwada kaza, waccan ta ce a'a wannan ai shi ne na ɗazu aka juya. Ni sai zanawa nake a allo da sauri, alli na karyewa. Iri tara ake iya samu daga kabon bakwai, kafin a kaɗa ƙararrawa yaran nan sun gano shida da kansu. Da aka kaɗa ba wadda ta motsa, sai gardama suke a kan na bakwai. Na saci kallon baya, na ga Dakta ya daina rubutu, yana ƙirga wani abu da yatsunsa.

Bayan an tashi Hajiya ta aiko a kira ni. Na shiga ofishin kaina a ƙasa, na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Iya Talatu na rakuɓe a gefe tana ta ba ni haƙuri da ido, alhali ita ba ta yi komai ba sai abin da aka saba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, don girman Allah ka yafe min. Bakina ne ya riga hankalina."

"Tashi, 'yata," in ji Dakta. "Zagin ba komai, na sha wanda ya fi shi. Kuma da yara ne suka ci, da ba ki kyauta musu ba, tunda ba ki bincika ba. Wannan na rage miki maki a kansa, ki sani." Ya gyara tabarau. "Amma akwai maganar da ta fi damuna. Kin ce ba ki yafe ba. Ni na tsufa, tafiyar ta matso. Ba na so a tsayar da ni a can kan dabino huɗu."

Na ɗago na dube shi ko wasa yake. Fuskar nan tana nan yadda take.

"Ki faɗa da bakinki, a gaban shaidu."

Na ce, "Na yafe, ranka ya daɗe."

"Da Hajiya?"

"Har da Hajiya."

Hajiya ta fashe da dariyar da ta riƙe tun cikin aji, har da hawaye. A nan ne na ga haƙoran Dakta karo na farko a shekara uku. Ya ce ya daɗe yana wannan zagaye, ya ga ɗalibai da yawa sun zo da kaya masu kyau sun yi darasi yara na hamma, yau ya ga an koyar. Ya ce in koma in nemi gafarar 'yan ajin, su ne aka zalunta. Na koma washegari na tsaya a gabansu na nema, suka yafe, da sharaɗin a ƙarasa gano sauran iri ukun da suka rage.

Da sakamako ya fito, ni ce ta ɗaya a duk waɗanda Dakta ya duba a zangon. Na fita tare da ƙawayena, kuma yanzu shekarata shida ina koyar da kemistiri. Duk shekara sai na fito da mutum bakwai gaban aji.

Abin da na tsinta a ranar ba ya cikin littafin kwaleji. In abu ya ɓace min yanzu, a aji ne ko a gida, nakan rufe bakina tukuna in bar idona ya zagaya ɗakin har kujerar baya. Kuma na daina saurin kai mutane ƙara lahira, don na ga yadda ake janye ta a durƙushe.